Anchau da Takalafiya: Tarihin Yaƙi da Ciwon Barci a Ƙasar Zazzau

Daga cikin cututtukan da ke ɓata wa ɗan Adam barci, babu wadda ta bar tabo a tarihin Arewacin Nijeriya kamar wadda Hausawa ke kira ciwon barci, domin ta kai ga hukuma ta tashi ƙauyuka daga mazauninsu na kaka da kakanni, ta sare kurmin rafuka na ɗaruruwan mil, ta kuma gina sabon gari tun daga tushe. Garin da aka yi wannan aiki a kewayensa shi ne Anchau, wanda ke gabas da birnin Zariya, kuma a yau shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Kubau a Jihar Kaduna, sabon garin da aka gina kusa da shi kuwa shi ne Takalafiya. Tarihin waɗannan garuruwa biyu ya cancanci a tsaya a kansa, saboda yana nuna cewa allura kaɗai ba ta kori cutar ba sai da aka gyara inda mutane ke ɗiban ruwa da yadda suke zama, yana kuma nuna cewa gyaran da aka ɗora wa jama'a ba tare da an fahimtar da su dalilinsa ba ba ya wuce tsawon kwanakin tsoron wanda ya ɗora shi.

Yadda cutar ke wargaza barci

Abin da ke kawo ciwon barci wata ƙwayar halitta ce siririya mai iyo a cikin jini, wadda ido ba ya ganinta sai da madubin likita, masana kuma suna kiranta tirifanosoma. Ƙudan tsando ne ke ɗauko ta daga jikin mai ciwo ya sa wa mai lafiya idan ya cije shi. Nau'in da ake samu a Afirka ta Yamma yana tafiya a hankali, ta yadda mutum zai iya yin watanni ko shekaru yana fama da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da ciwon kai da na gaɓoɓi, da ƙaiƙayi, da kaluluwa a ƙeya, alhali yana noma yana zuwa kasuwa, ana ɗaukar abin a matsayin masassarar da aka saba da ita. Idan ƙwayar ta ratsa daga jini ta shiga ƙwaƙwalwa, a nan ne mataki na biyu ke farawa, sai hali ya sauya, magana ta yi nauyi, hannu ya riƙa rawa, mutum ya rame, gyangyaɗi ya riƙa sace shi ko da loma tana bakinsa, kuma in ba a yi magani ba ƙarshen abin doguwar suma ce da mutuwa.

An daɗe ana zaton mai wannan ciwo ya fi kowa yawan barci, amma binciken da likitan Faransa Alain Buguet da abokan aikinsa suka yi a Kwaddebuwa da Kwango, inda suka riƙa auna motsin ƙwaƙwalwar majiyyata dare da rana, ya nuna cewa jimillar barcinsu ba ta zarce ta masu lafiya da wani abin kirki ba. Abin da ke lalacewa shi ne tsarin da ke ware dare domin hutu da rana domin aiki, sai barcin ya warwatse guntu-guntu cikin sa'o'i 24 kamar tsabar da aka watsa wa kaji, majiyyaci ya kwana ido biyu, rana kuma ta same shi yana faɗuwa. Haka kuma yakan faɗa matakin mafarki da zarar ya rufe ido, matakin da mai lafiya ba ya kaiwa sai bayan kimanin sa'a ɗaya da rabi, wanda alama ce da aka sani a cutar da likitoci ke kira nakolefsi, wato farmakin barci na ba-zata. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda aka yi da ɓeraye, ya ƙara nuna cewa ƙwayar tana gajarta zagayen agogon jiki, wato tsarin cikin halitta da ke gaya wa jiki lokacin kwanciya da na tashi.

Abin da aka sani kafin zuwan Turawa da bayansa

Cutar tsohuwa ce a ƙasashen Sudan ta Yamma. Ibn Khaldun ya ruwaito cewa Sarkin Mali Mari Jata na Biyu ya rasu a wajejen 1373 bayan ya yi shekara biyu yana fama da wani ciwo na barci, ya kuma ce ciwon sananne ne a tsakanin mutanen wannan yanki. A 1803 likita Thomas Winterbottom, wanda ya yi aiki a Saliyo, ya bayyana kumburin kaluluwar ƙeya a matsayin alamarta, ya ambaci cewa fataken bayi sun riga sun san alamar, har suna ƙin sayen duk wanda suka shafa wuyansa suka ji ta. Makiyaya da mahaya su ma sun san irin wannan cuta a jikin dabbobi, ita ce sammore, wadda ke ramar da shanu ta kashe dawaki, kuma tana daga cikin dalilan da suka sa rundunonin dawaki na daulolin Arewa ba su iya yin nisa cikin kurmin kudu ba. Abin da ba a sani ba shi ne cewa ciwon dabba da na mutum 'yan gida ɗaya ne, kuma ƙuda ɗaya ke yaɗa su.

An gano wannan cikin ƙasa da shekara goma. A 1895 David Bruce ya nuna cewa tirifanosoma ce ke kashe shanu a ƙasar Zulu, a 1901 Robert Forde ya ga ƙwayar a jinin wani matuƙin jirgin ruwa a Gambiya, Joseph Dutton ya raɗa mata suna a 1902, Aldo Castellani kuma ya same ta a ruwan lakar majiyyata a Yuganda, inda annobar da ta tashi a gaɓar Tafkin Biktoriya ta hallaka mutane kimanin 250,000. A 1903 Bruce ya ɗora alhakin yaɗa ta a kan tsando.

A Arewacin Nijeriya kuwa, masu nazarin tarihin cutar sun danganta bunƙasarta da sauye-sauyen da mulkin mallaka ya kawo. Da yaƙe-yaƙe da hare-haren kamun bayi suka lafa, mutanen da a da ke cunkushe a cikin ganuwa suka fantsama daji suna kafa ƙananan tungaye a bakin rafuka, inda yawansu bai kai su share kurmi ba, ya dai ishe su zama abincin ƙuda. Aikin layin dogo da haƙar kuza a tsaunukan Jos da kewayensu suka riƙa kwasar lebura daga wannan lardi zuwa wancan, 'yan cirani da fatake suka sami hanya a buɗe, duk wanda ya kwaso ƙwayar a wani rafi sai ya kai ta wani. Kafin shekarun 1930 su kankama, cutar da a da take ɓoye a 'yan wurare ta zama annoba a lardunan Zariya da Filato da Binuwai da Neja da kudancin Kano da Katsina.

Zamanin duba wuya da allura

Tun farkon shekarun 1920 gwamnatin mallaka ta kafa sashen binciken tsando, wanda Llewellyn Lloyd da W. B. Johnson suka fara a Sherifuri, daga baya ya koma Gadau a ƙasar Katagum, kuma daga wannan tushe ne Ma'aikatar Ciwon Barci ta tsiro ƙarƙashin likita H. M. O. Lester. Tsarin aikinta ya yi kama da wanda Eugène Jamot ya kafa a Kamaru a 1926, wato maimakon a jira majiyyaci ya zo asibiti, ayarin ma'aikata ne ke bin gari gari. Hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya tara mutanensa bisa ga takardar haraji, a jera su maza da mata da yara a inuwar itace, malamin asibiti ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana danna yatsunsa a ƙeya da gefen wuya. Wanda aka ji kaluluwarsa ta tasa sai a ware shi gefe, a soka allura a cikin kumburin a tsotso ɗan ruwa, a ɗiga a kan gilashi, wani malamin da ke zaune gaban madubin likita ya duba ko zai ga ƙwayar tana mutsu-mutsu. Tsakanin 1931 da 1940 an duba mutane sama da miliyan 3 ta wannan hanya, aka sami sama da 300,000 ɗauke da cutar, kuma mafi yawan wannan aiki 'yan ƙasa ne da aka horar suka yi shi, ko da yake tarihi bai riƙe sunayensu ba kamar yadda ya riƙe na shugabanninsu.

Magungunan zamanin su ne suramin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya ƙirƙiro, da tiriparsamaid, wanda aka haɗa a Cibiyar Rockefeller ta Amurka, likita Louise Pearce ta gwada shi a Kwango a 1920. Na biyun yana ɗauke da sinadarin asanik, wanda guba ne, kuma yakan taɓa jijiyar ido har wasu su makance. Ana yin alluran ne a jere tsawon makonni, saboda haka manomi kan bar gonarsa ya yi ta zirga-zirga zuwa sansanin magani. Babbar matsalar ita ce wanda aka warkar yana komawa rafin da ya kwaso ciwon, ƙudan da ya cije shi bara kuma zuriyarsa tana nan, ga shi jiki ba ya samun kariya mai ɗorewa daga kamuwar farko. Wannan ne ya sa aka fara tunanin cewa sai an raba mutum da tsando kafin magani ya yi amfani mai tsawo.

Shirin Anchau

Wanda ya jagoranci wannan tunani shi ne T. A. M. Nash, masanin ƙwari da ya zo Gadau a 1933 bayan ya yi aiki a Tanganyika. Bincikensa ya tsaya a kan rayuwar nau'o'in tsando da ke bin bakin ruwa. Tsando ba ya yin ƙwai birjik kamar sauro, domin macen tana rainon tsutsa ɗaya tak a cikinta, ta haife ta bayan kimanin kwana 9 ko 10 a ƙasa mai laushi ƙarƙashin inuwa, tsutsar ta nutse ta yi wajen wata guda kafin ta fito ƙuda. Halitta mai jinkirin haihuwa irin wannan ba ta jure asara, kuma ba ta jure zafi da bushewar iska. Da bazara, idan rafuka suka yanke, ƙudan kan tattaru a 'yan guraben da ruwa ya kwanta a ƙarƙashin duhuwa, waɗanda su ne kuma wuraren da mata ke zuwa ɗiban ruwa da wanki, yara ke wanka, matafiya ke tsallakawa. A irin wannan gurbi ƙuda kaɗan sun isa su zagaya da ciwon cikin unguwa ɗungurungum, saboda mutanen nan dai su ne suke ciza kullum. Maganin da Nash ya fitar shi ne sara na zaɓe: a cire sarƙaƙiya da ƙananan itatuwa masu rassa a ƙasa, a bar dogayen itatuwa masu miƙaƙƙen jiki, iska da rana su ratsa, ƙudan ya rasa mafaka.

An zaɓi gundumar Anchau domin aiwatar da wannan shiri saboda binciken da aka yi ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ciwon. Tsohon garin a matse yake cikin ganuwarsa, gida manne da gida, ga kududdufai da rijiyoyi marasa baki daf da shadda, ga duhuwar rafi har gindin gari. A 1937, shekarar da Sarkin Zazzau Ja'afaru ya hau gadon sarauta, aka kafa dokar ciwon barci wadda ta ba hukuma ikon tilasta duba jama'a da sa su sarar kurmi, Asusun Raya Ƙasashen Mallaka na Ingila kuma ya ba da fam 95,000 da za a kashe cikin shekara biyar. Aka shata wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70 da faɗin kimanin mil 10, aka share bakin rafuka na sama da mil 500 a cikinsa, aka kuma ƙiyasta cewa sai an sami mutum 70 a kowane murabba'in mil kafin hannuwa su isa sake saran toho duk shekara. A kan wannan lissafi aka tashi kimanin mutum 5,000 daga ƙananan tungayen da ke warwatse a daji, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka 16 a cikin zirin.

Aikin bai tsaya ga sara ba, domin an gane cewa muddin rafi ne madogarar ruwan sha, to mata za su ci gaba da komawa bakinsa. Aka haƙa rijiyoyi masu zurfi aka ɗaure su da siminti, aka ɗaga bakinsu yadda ƙazanta ba za ta koma ciki ba, abin da ya rage kurkunu da ciwon ciki tare da rage haɗuwa da tsando. An auna ƙasar noma kafin a zaɓi mazaunin kowane ƙauye, aka ware makiyaya da dajin itacen wuta, aka ƙarfafa noman rake da dafa mazarƙwaila, sana'ar da yankin ya yi suna da ita har yau. A Takalafiya, inda aka mayar da wani sashe na mutanen tsohon gari domin a rage cunkoso, an shata tituna masu faɗi aka dasa musu mangwaro da maɗaci, aka bar tazara tsakanin gidaje domin kada gobara ta tsallaka daga wannan jinka zuwa waccan, aka gina kasuwa da mahauta da makaranta da ɗakin shan magani. Tsando ya ɓace daga cikin zirin, ciwon ya ragu ƙwarai, shanu suka iya zama inda a da sammore ke korarsu, rahoton da Nash ya buga a 1948 kuma ya sa Anchau ta zama abin misali a tarihin raya karkara a Afirka.

Abin da tilas ba ta iya dasawa ba

Nasarar tana da wani gefe da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Mutanen da aka tasa ba a nemi yardarsu ba, an raba su da gonakin da suka gada da kushewun iyayensu, aikin saran shekara-shekara kuma, ko da yake ya yi kama da gayya, umarni ne da ke saukowa daga Razdan zuwa Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, wanda ya ƙi fita kuwa hukunci na jiransa. Wasu duhuwoyin da aka ce a sare jama'a sun ɗauke su gidajen iskoki ne, suna tsoron abin da zai biyo bayan taɓa su, aka sare su duk da haka.

A ƙarshen shekarun 1950 masanin halayyar al'umma ɗan Amurka Horace Miner ya zauna a yankin domin ya ga abin da ya rage, ya buga sakamakon bincikensa a 1960. Ya tarar cewa bayan shekara 20 ana saran rafi, akasarin talakawa ba su danganta aikin da ƙuda ko da ciwon barci ba, suna yi ne saboda an ce su yi, kuma inda idon hukuma ya yi nisa toho kan koma kurmi. Laifin wannan ba na talaka ba ne. An kashe dubban fam a kan siminti da gatari, amma ba a kashe kwatankwacinsu ba wajen zama da malamai da masu unguwanni da matan da ke zuwa rafi a nuna musu, da harshensu da hujjar da za su gamsu da ita, yadda cizon rana ke zama rashin barcin dare bayan shekara biyu. Tazarar da ke tsakanin cizo da bayyanar ciwo ta yi tsawon da hankali ba zai haɗa su da kansa ba sai an koyar, koyarwar kuwa ita ce aka bari a baya.

Daga Kaduna zuwa yau

Ilimin da aka tara a Gadau da Anchau ya koma Cibiyar Binciken Ciwon Barci da Sammore ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1947 da mazauni a Kaduna da reshe a Vom, Nash ya shugabance ta a shekarun 1950, ta kuma zama mallakar Nijeriya ita kaɗai a 1964. Magunguna su ma sun sauya. Melasofurol, wanda aka fara amfani da shi a 1949, yana warkar da wanda ciwon ya kai masa ƙwaƙwalwa, amma yana kashe kimanin mutum 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa. A 2009 aka shigo da haɗin magunguna biyu mai sauƙin haɗari, a 2018 kuma aka amince da fekzinidazol, ƙwayar haɗiya ta kwana 10.

Tarihin nahiyar ya maimaita darasin Anchau a fili. A shekarun 1960 cutar ta kusa ƙarewa a Afirka, sai aka sassauta bin ƙauyuka, yaƙe-yaƙe suka rusa asibitoci, ta dawo da ƙarfi a Kwango da Angola da kudancin Sudan, har a 1998 aka ba da rahoton kusan mutum 40,000, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa masu ɗauke da ita sun kai 300,000. Da aka koma aiki adadin ya sauko ƙasa da 10,000 a 2009, ya sauko ƙasa da 1,000 a 2018, hukumar ta tabbatar wa Togo a 2020, da Gana a 2023, da Cadi a 2024, cewa cutar ta daina zama barazana ga lafiyar al'ummarsu, burin da aka sa a gaba kuma shi ne a katse yaɗuwar nau'in Afirka ta Yamma nan da 2030.

Yawancin masu gyangyaɗin rana a ƙasar Hausa a yau wasu dalilai ne ke damunsu, kamar minshari mai tare da yankewar numfashi, ko aikin dare, ko shan ƙwayoyi, ko damuwar da ke hana ido rufuwa, kuma kowanne da irin kulawar da yake bukata. Amma cutar da ta yi ƙaranci ita ce wadda ma'aikacin lafiya ke saurin mantawa da kamanninta, saboda haka wajibi ne makarantun koyon aikin lafiya su ci gaba da koyar da cewa wanda ya zauna a bakin kurmi, ya zo da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, da kaluluwa a ƙeya, da barcin da ya juye dare ya koma rana, a duba jininsa kafin a ce aljanu ne ko taɓin hankali. Wajibi ne kuma a kai wannan bayani ga masunta da makiyaya da manoman fadama tun kafin a zo musu da umarni, domin su ne ke bakin ruwa kullum, su ne kuma za su fara ganin ciwon idan ya sake ɗago kai.